Tsiron Iya a Cikin Kwalba

Iya ta rasu ranar Laraba da hantsi, cikin watan Sha'aban, ana tsakiyar damina. A ɗakinta ta cika, a sabon matsugunin da aka ba mutanen garinmu a ƙasar Bebeji bayan ruwan Tiga ya ci tsohon garin. Mutum uku ne a kanta: Baffa, babban ɗanta, wanda ya laƙƙana mata kalmar shahada, surukarta, matar ƙanin mahaifina, wadda ta yi jinyarta, sai aminiyarta, wata dattijuwar Bafilatana daga rugar da ke wajen Ɗansoshiya, wadda ta kawo mata nono, ta tarar ana kan wannan hali, ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa ta zauna. Ni ina Kano, a gidan rediyon da nake aiki. Saƙo ya same ni bayan azahar. Ko da na iso, an riga an kai ta.

Cikin aikina har da karanta sanarwar rasuwa. Tsarinta sananne ne: suna, gari, 'ya'ya da jikoki, sai addu'a. Ba ta cika minti ɗaya ba. Tata ma haka aka karanta, wani abokin aikina ya karanta, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da sanarwar ba ta da wurinsa shi ne nake so in rubuta.

Iya ita ta haifi mahaifina, kuma ita ce unguwar zoman garinmu. A wajen zaman makoki, wani magidanci mai furfura ya ce, "Ita ta yanke mini cibiya." Na kusa da shi ya dubi tabarmar daga wannan baki zuwa wancan ya ce, "In ka cire liman da baƙi, duk wanda ke nan hannunta ne ya fara taɓa shi." Liman ya ce, "Kar ku cire ni gaba ɗaya. 'Ya'yana duk a hannunta suka faɗo." Mata sun zo daga Ƙofa a ƙafa cikin taɓo. Wata da aka aurar Riruwai ta zo a bayan motar kaya da goyo, ta ce ba za ta iya yin gaisuwar nan da saƙo ba. A cikin gida, jikoki mata sun ɗaura tsohon zanenta suna kwaikwayon ɗingishinta da faɗanta, kamar yadda ake yi wa kaka, mata na dariya suna share hawaye.

Aminiyarta kaɗai ce ba ta shiga taron ba. Ta koma bayan ɗakin ta zauna kusa da wata tsohuwar tukunya mai fasasshen baki, cike da busasshiyar ƙasa, ba tsiron komai a cikinta. Da wata ta zo za ta juye ƙasar don a sami abin zuba toka, tsohuwar ta ɗora hannu a kai ta ce, "A bar ta." Aka bar ta.

Labarin tukunyar nan shi ne labarin shekarun Iya na ƙarshe.

A tsohon garinmu akwai wata fadama a gindin tsauni, inda ruwa ke tsattsafowa ko da rani. A nan wani ɗan tsiro yake fitowa, bai kai gwiwa ba, ganyensa mai kauri da gashi-gashi a baya, in an murza sai ƙanshi mai ɗan yaji ya tashi. Mu a garinmu sanyin-jego ake ce masa. Na tambaya a wasu garuruwa, ba su san sunan ba. Da shi Iya take haɗa ruwan wanka da abin sha ga mai jego idan zazzaɓi ya kama ta bayan haihuwa. Ni ba likita ba ne, ba zan ce ga abin da yake yi a jiki ba. Na dai san matan garinmu sun yarda da shi, kuma na san ba shi kaɗai ake dafawa ba. Akwai abubuwan da take haɗa shi da su, akwai kuma ma'auni, ita kaɗai ta sani.

Tana da ƙa'idoji a kansa, ba ta sassautawa. Ba a tumɓuke shi. Ba a taɓa kansa, wato tohon da ke sama. Ganyen ƙasa kawai ake tsinka. Ba ta karɓar magani ko ta bayar sai ta yi bisimilla ta yi masa tofi. Kuma ba a koyar da shi da baki. Yadda goggonta ta koya mata, a gindinsa ake durƙusawa, a sa wa mai koyo ɗanyen ganye a tafin hannu, ta murza, ta shaƙa, ta dafa, ta ɓata, a zubar, ta sake, har hancinta ya san daidai. Iya ba ta haifi mace ba. Surukarta ce ta nuna tana so, Iya kuma ta yarda da nutsuwarta. Sun sa ranar farawa bayan girbi. Kafin girbin, aka zo aka ce a tashi.

Ranar tashi, an turo motoci, kowane gida da iyakar abin da zai ɗauka. Maza na ta ɗaure jinka da ƙyaure da buhunan dawa. Aka nemi Iya aka rasa. Can sai ga ta daga wajen fadama, zanenta duk laka, rungume da tukunya, tsiro guda a ciki da ƙasarsa. Baffa ya ce, "Iya, turmi ma mun rasa inda za mu sa, ke kin kawo mana ciyawa."

Ta ce, "Turmi ana sassaƙa wani. Bar ni ka sa turmin, ni da ciyawata ma taho a ƙafa."

Baffa ya matsa mata wuri. Ta hau, ta zauna a kan buhu, tukunyar a cinyarta, ta lulluɓe ta da mayafinta saboda rana. Da motar ta hau tudu, kowa ya waiwaya yana kallon garin. Ita ba ta waiwaya ba.

Sabon wurin tudu ne, jar ƙasa mai tsauri. Ta gwada dasa reshe a bayan ɗaki, ya bushe. Ta gwada a bakin rijiya, ya ruɓe. Aminiyarta ta kawo mata taki daga ruga, ta kuma yi alkawarin dubawa a duk kwarin da shanunsu suka bi. Ta duba har wajen Doguwa, ba ta gani ba. Na cikin tukunyar ya rayu, amma bai taɓa yin fure ba, balle iri. Kowace shekara sai ya ɗan ƙara tsukewa. Da sassafe za ka ji ta a bayan ɗaki tana ce masa, "Ka kwana lafiya? Mu biyu dai muka rage baƙi a garin nan." Sauran mutane sun fara sabawa. Samari sun koyi kamun kifi a bakin dam, wasu sun shiga noman rani. Ƙawayenta tsofaffi kuwa an raba su, wasu an kai su wani matsugunin, wasu sun riga ta gidan gaskiya.

Duk da haka ba ta yi rowarsa ba. Akwai wata baƙuwa, matar wani lebura daga kudu da ya zo aikin magudanan ruwa, ko Hausa ba ta ji. Ta haihu, zazzaɓi ya rufe ta, asibiti da nisa. Iya ta tsinke ganyen ƙasa kaf, ta bar tsiron kamar kazar da aka fige, ta kwana uku tana zuwa tana dawowa. Da surukarta ta yi mata magana, sai ta ce, "To don wa na ɗauko shi? Don in riƙa kallo?" Matar ta tashi. Tsiron ya daɗe bai farfaɗo ba. Daga nan duk lokacin da surukarta ta tuna mata da maganar koyo, amsar ɗaya ce: "Da wane ganyen? Koyo ɓarna yake ci. Bari ya yi yawa."

Ana nan aka tura ni Zariya in ɗauko hira don shirin manoma. A can na sadu da wani malami mai binciken tsirrai, mutum mai sanyin magana, wanda ya kai ni ɗakin gwaje-gwajensa. Sai da na cire takalmi na wanke hannu. A kan kantoci, ƙarƙashin fitilu, ga kwalabe a jere, an toshe bakinsu da auduga. A gindin kowace akwai wani abu mai kama da kunun da ya daskare, a kansa kuma ɗan tsiro kore. Ya ce abin nan abinci ne, sukari da sinadarai. Ana yanko ɗan toho wanda bai kai ƙwayar gero ba, a wanke shi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a ɗora a kai. In an yi sa'a sai ya yi 'ya'ya, a raba su a wasu kwalaben, su ma su yi. Daga toho ɗaya ana iya samun abin cika fage. Ya ce aikin sabo ne a wajensu, suna gwadawa ne, kuma babban abokin gabarsu fumfuna: ko numfashin mutum ya shiga kwalbar, an gama.

Na ba shi labarin tukunyar Iya. Ya ce zai gwada, amma ba ya alkawari, kuma tohon sama yake bukata.

Tsakanina da Iya akwai wasan jika da kaka. Mijinta take ce mini. Ranar da na je mata da maganar, ta tare ni da, "Ga mijin akwati ya zo. Kullum ina jin muryarka, cefane kuwa shiru."

Na ce, "Uwargida, yau da babban cefane na zo." Na yi mata bayani dalla-dalla, kamar yadda nake yi wa manoma a rediyo. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Kansa za a yanke?"

Na ce, "Ɗan kaɗan."

"A wanke masa ƙasarsa?"

"Tas."

"A kulle shi a kwalba, ba rana, ba iska, a ba shi sukari kamar jinjirin Bature." Ta gyara zama. "Ruwa ya ci garinsa, ya ci danginsa, saura kansa kaɗai, shi ne ka zo da wuƙa. Tashi ka ba ni wuri."

Wannan ne karo na farko da ta kore ni ba da wasa ba. Na koma Kano. Watanni ba ta aiko mini da gaisuwa ba, ni ma da na zo sai mu gaisa a tsaye.

Ita ta neme ni. Bazara ta yi tsanani a shekarar, tsiron ya zubar da ganye sai 'yan na sama. Na same ta a bayan ɗaki da sabuwar reza a hannu. Ba ta ce na yi gaskiya ba, ni ma ban ce ba. Ta ce, "Ba kai za ka yanka ba, ba kuma malaminka ba." Ta yi bisimilla, ta yanke tohon da hannun da ya yanke cibiyar rabin gari, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle ta miƙo mini. Ta ce, "Ka gaya masa amana ce. Kuma kar ka tsaya shan shayi a hanya, na san halinka."

Uwar da ke tukunya ba ta sake toho ba. Ta yi rawaya, ta kwanta, kafin ruwan farko ta bushe. Surukarta ta gaya mini Iya ta ci gaba da zuba wa tukunyar ruwa kwanaki bayan haka, sannan ta daina.

A Zariya kuwa, cikin gutsattsarin da malamin ya raba tohon, yawanci sun yi baƙi sun mutu. Kaɗan suka kama. Duk zuwan da na yi gida, tambayarta ɗaya: "Yana ci?" In ce yana ci. "Ya yi saiwa?" In ce tukuna. Sai ta ce, "Abin da ba shi da saiwa ai bai zauna ba." Da suka yi yawa har aka raba su, malamin da kansa ya ce in kai mata kwalba ɗaya ta gani da idonta, sauran su zauna a wurinsa. Ya ja kunnena kar a buɗe. Na riƙo ta a hannu tun daga tasha har gida.

Da hantsi ne, tana zaune a inuwar ɗaki, aminiyarta na gefe. Ta karɓi kwalbar da hannu biyu, ta ɗaga ta saitin haske. 'Yan tsirrai ne cunkushe, ganyen bai kai farce ba. Ta daɗe tana kallo. Ta juya kwalbar ta ga gashin bayan ganyen, sai ta ce, "Shi ne." Aminiyarta ta leƙa ta ce, "Yaya, wannan ai an mai da shi ɗan birni." Iya ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

Na ce, "Iya, sharaɗi ɗaya: ba a buɗewa. Ko numfashi ya shiga, zai lalace."

Ta ce, "Na ji. A hana yara taɓawa."

Na ce, "Har manya."

Ta dube ni. "Numfashin da ya shekara hamsin yana sha ne zai kashe shi? Ya yi tafiya, ya dawo gida, in karɓe shi ba bisimilla ba tofi, kamar kayan sata?" Kafin in miƙa hannu ta zare audugar. Ta kai hancinta ta shaƙa, ta rufe ido. Ta karanta abin da take karantawa, ta yi tofi a ciki a hankali, ta mayar da audugar ta danna da babban yatsa. Ta ce, "Ƙanshin yana nan, amma da nisa."

Ta ajiye kwalbar a kan tagarta. Ba a yi mako ba wani farin gashi ya bayyana a kan abincin, ya koma toka-toka, ya haye tsirran ya rufe su. Surukarta ta ce Iya ta zauna tana kallon abin yana ci, ba ta ce a ɗauke ba.

Da na zo, na gaya mata gaskiya: ba wani abu ba ne a jikinta, bakin kowa haka yake, nawa ma, na malamin ma. Tsiron kwalba bai san iska ba, sai an saba masa da ita sannu a hankali. Na ce akwai sauran kwalabe, suna lafiya, an fara sa musu abin da zai fito da saiwa. Daga nan a mayar da su ƙasa a inuwa, in sun yi ƙwari a kawo mata. Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Na gane. Ya je inda bakina ba ya yi masa amfani."

Daga wannan lokaci jikinta ya fara sanyi. Ba na cewa kwalbar ce. Shekaru sun ja, ƙafa ta daɗe tana damunta. Amma ta rage fita, ta rage faɗa, kuma gidan da Iya ba ta faɗa a cikinsa shiru yake. Na zo mata da rikoda daga wurin aiki, na ce ta faɗi haɗin ko a taƙaice, in adana. Ta ce, "Ka ɗauki muryata ka kulle a akwati, tsirona a kwalba. Ni kuma a ina za ku sa ni?" Sannan ta sassauta ta ce, "Ba rowa ba ce, mijina. In na faɗa da baki, wata za ta ji ta dafa, ta zarce ma'auni, ta cuci mai jego da sunana. Hanci ne ke aunawa. A kawo ganye, ko ina kwance zan koya wa surukata."

Na rubuta wa malamin, na kuma je da kaina. Ya nuna mini tsirran a 'yan tukwane ƙarƙashin rumfa, an kifa musu gilashi, ana ɗagawa kaɗan-kaɗan kowace rana. Ya ce in aka ɗauke su yanzu, ba za su kai Bebeji da rai ba, kuma bayan su babu wasu. Gaskiya ya faɗa. Na koma na gaya mata sai bayan azumi. Ta ƙirga da yatsu, ta ce, "Bayan azumi. To." Ta juya ta ce wa surukarta, "Ki nemi tukunya sabuwa, wadda ba a taɓa miya a ciki ba. Ki ajiye, a ciki za ki koyi dafa maganin." Surukarta ta saya a kasuwar Ƙofa ta ajiye a ƙarƙashin gado.

Ganina na ƙarshe da ita, na yi mata sallama zan tafi, ta ce, "In ka je ka gaishe shi." Na ce, "Malamin?" Ta ce, "Shi ma."

Allah ya jiƙan Iya, ya yi mata rahama, ya sa hannun da ta tarbi bayinsa da shi ya zama shaida a gare ta, ya haɗa ta da mutanenta da ruwa ya raba ta da kaburburansu.

Bayan sallah ƙarama, an yi sadakar arba'in da 'yan kwanaki, malamin ya zo da kansa da tsirran a bayan mota. Ya yi wa Baffa ta'aziyya, ya nemi a nuna masa ƙasa mai danshi. Baffa ya ba da gefen gonarsa ta noman rani, inda ruwan Tiga ke bi ta magudana. Aminiyarta ta ɗauko tsohuwar tukunyar ta juye busasshiyar ƙasar fadamar a cikin ramukan kafin a dasa. Wasu sun mutu, mafi yawa sun kama. Surukarta ce ke ba su ruwa. Bana sun kusa kai gwiwa, sun yi fure. Ba wanda ya tsinki ganye ko ɗaya, kuma sabuwar tukunyar tana nan a ƙarƙashin gado.